Zuciyar Dattijo

Shekarar da nake son in ba da labarinta ita ce wadda azumi ya faɗo a tsakiyar marka, har ruwa ya cinye kwalbatin da ke tsakanin ƙauyenmu da Sheme, samari suka koma ɗaukar babura a ka suna haye rafi da su. Duk wanda ya yi noma a yankinmu ya san ta. Markar bana ta yi kama da waccan. Rana ta daɗe ba ta fito sosai ba, katangar maƙwabcina a nan Faskari ta zube, wanki ba ya bushewa, ashana ba ta kamawa. Ina zaune a zaure ina bitar abin da aka koya mana a ajin manya, sai warin danshin tabarma ya mayar da ni barandar asibiti. Shi ne na ce bari in rubuta a hankali, tunda hannuna ya fara sabawa da biro.

A lokacin muna gidanmu na ƙauye, ni da matata Ramatu da mahaifiyata, Inna. 'Ya'ya mata uku gare mu, sai a ƙarshen sanyi Allah ya ba mu namiji. Na sa masa sunan mahaifina, wanda bai daɗe da rasuwa ba. Tunda babu mai iya kama wannan suna a gidan, sai muka riƙa ce masa Dattijo.

Mahaifina mutum ne mai zuciya, duk garin an san shi da ita. Ba ya zagi, ba ya duka. In ransa ya ɓaci sai ya yi shiru, leɓensa ya riƙa rawa, ya ture akushi ya tafi gona ya zauna gindin ɗorawa. Ni ne ake aikawa in lallaso shi. In durƙusa nesa kaɗan, in riƙa cewa, "Baba, ka yi haƙuri," har ya gaji da ni ya tashi.

Dattijo bai cika wata biyu ba muka ga yana shiɗewa. In ya fara kuka sai sautin ya ɗauke, baki a buɗe, leɓɓansa su yi baƙi kamar ya sha ɗinya, jikinsa ya saki. Can sai ya ja numfashi ya dawo, ya yi barci. Inna sai ta ɗauke shi tana dariya.

"Kun ga mijin nawa ko? Ya dawo da halinshi. To ni can ma ban ji tsoronka ba, balle yanzu da ba ka da haƙori."

Mata masu shigowa ma haka suke cewa. Zuciya ce, gado ne, in ya girma zai rage. Ramatu kaɗai ba ta dariya. Ta ce in yana shan nono gumi yake yi a goshi, ya saki yana haki kamar wanda ya yi gudu. Ta matsa mini har muka kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da mu, da Inna a tare. Likitan matashi ne ɗan bautar ƙasa daga kudu, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, mai yi masa tafinta kuma bai zo ba a ranar. Ya daɗe yana sauraren ƙirjin Dattijo. Sai ya ɗago ya dafa nasa ƙirjin ya ce, "Zuciya. Zuciya ba kyau. Babban asibiti."

Inna ta tafa hannu. "Likita ma ya gane shi. Allah shi yi maka albarka, ɗana, haka kakanshi yake."

Likitan ya sake cewa, "Zuciya," muka sake cewa, "Ƙwarai." Ya ga mun yarda da shi, mu ma muka ga ya yarda da mu. A hanya Inna ta ce tun da take ba ta taɓa jin an kai zuciya asibiti ba, in da ana kaiwa da tuni ta kai mai sunan. Muka dawo gida da sauƙin rai. Babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinmu.

Daga nan ruwan shuka ya sauka. Na ɗaure shanun huɗata biyu, na yi huɗa a fadama na sa masara, tudu kuma na sa dawa da wake. Damina ta fara da kyau, ƙasa ta sha, tsiro ya fito layi-layi babu giɓi. Ranar da muke ƙarasa noman farko, Ramatu ta kawo mana fura gona da Dattijo a baya. Ƙuda ne ko ƙaiƙayi, wani abu ya sa shi kuka. Ya shiɗe, muka jira ya dawo kamar kullum, bai dawo ba. Na yar da fartanya. Na yayyafa masa ruwa, na hura masa iska a fuska, Ramatu tana zaune a kan kunyar huɗa ta kasa ko salati. Sai da na fid da rai sannan ya yi wani ɗan tari.

Washegari muka tafi Kankara wajen wani likita Bahaushe, mai furfura a gemu. Da ya gama dubawa na ce masa an riga an faɗa mana zuciya ce, gadon kakansa. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni.

"Malam Haruna, ka taɓa feɗe rago?"

"Na taɓa, likita."

"Ka san tsokar nan da ke tsakanin huhu, wadda ake gasa wa yara?"

"Na san ta."

"Ita ake nufi. Ba ta fushi ba. Tashi zuciyar akwai huji a ciki, kuma hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta matse. Yaushe aka fara gaya muku?"

Na ce tun kafin shuka. Ya ɗan rufe ido. Ramatu ta juya ta kalli bango.

Ya ce aiki ne, kuma ba a yinsa sai a babban asibitin birni. Can ma likitocin da ke yi daga ƙasar waje suke zuwa, sau ɗaya a shekara, su yi 'yan kwanaki su koma, kuma bayan ƙaramar salla ake sa ransu. Ya ce mu tafi yanzu, kada mu jira.

Ranar kasuwar Sheme na kai shanun huɗar. Ban tsaya na ga wanda ya ja su ba. Na bar gona a hannun ƙanena Ɗanjuma, wanda shi ma yana da tasa, na bar 'yan matan wajen Inna. Muka ɗauki buhun garin masara da gero da kanwa da tukunya ɗaya, muka bi ta Funtuwa. Inna ta raka mu bakin hanya. Ba ta yi wa Dattijo wasa ba a ranar. Ta ɗora hannu a ƙirjinsa ta daɗe, sannan ta ce, "Ashe ciwo kake ji, ina maka dariya."

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ba su yi mana komai ba sai ƙoƙari. Aka ba Ramatu da Dattijo gado a ɗakin yara. Maza ba sa shiga sai bayan la'asar, na ɗan lokaci. Wurinmu wata doguwar baranda ce kusa da masallaci, kowa da kwalinsa da tabarmarsa. Kwana biyu da zuwanmu aka ga watan azumi.

Likitar yaran ta yi mana bayani a tsaye. Ta ce abu biyu ne aikinmu. Na farko, Dattijo ya yi ƙanƙanta, sai ya ƙara nauyi kafin baƙin likitocin su yarda su taɓa shi. Ta ce da an kawo shi da wuri da an sami lokacin gina shi, amma yanzu wata guda muke da shi. Na biyu, kada a bar shi ya yi kuka, don kowace shiɗewa tana iya zama ta ƙarshe. In ya shiɗe, a naɗe gwiwoyinsa a danna su a ƙirjinsa, a kira nas.

Kowace safiya ana auna yaran a wani sikeli mai faranti, irin na masu sayar da nama. Ban san lamba ba a lokacin. Babbar nas ɗin, da muke ce wa Sista, ta lura kullum ina leƙe ta taga ina tambaya. Sai ta yanko ɗan filasta ta manna a fuskar sikelin.

"Baban Dattijo, ka ga nan? Ranar da tsinken nan ya taɓa filasta, ka je ka yi alwala ka gode wa Allah. Kafin nan ka daina cika mini kunne."

Tsakanin tsinken da filastar bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na ce a raina wannan ai kaɗan ne.

Sai marka ta sauka. Ruwa ya riƙa zuwa da safe ya wuni yana yayyafi, ya ɗauke, ya dawo. Iska tana kaɗo shi cikin baranda, kwalaye su jiƙe su narke a ƙarƙashinmu. Mukan naɗe tabarmi mu tsaya jikin bango a jere kamar awaki. Sauro ya yi yawa. Garin masarar da muka zo da shi ya ja danshi ya fara tsami, muka ci gaba da tuƙa shi haka. Mata suna girki a bayan gini, ƙarƙashin wani guntun kwanon rufi, itacen ɗanye ne, hayaƙi ya fi wuta yawa. Azumin damina ba shi da ƙishirwa sosai, amma yini ne mai tsawo, yunwa tana zama a ciki tun hantsi, ga sanyin da ke shiga ƙashi. A gida in mutum yana noma yakan manta da ita. A baranda babu abin yi sai ji da ita.

In magariba ta yi sai kowa ya turo abin da yake da shi tsakiya. Wani kunu, wani ƙosai uku, wani ɗan rogo. Wani lokaci mutanen gari su kawo sadakar shinkafa a leda, wani lokaci ruwa ya hana su. Maƙwabcin tabarmata Malam Ila ne, mai shanu daga wajen Sabuwa, dogo, mai yawan ba'a. 'Yarsa Hurera, wadda ta fara wayo, tana da irin ciwon Dattijo. In ta yi ɗan tafiya sai ta tsuguna ta huta. Ya ga kullum idona yana yamma wajen da hadari ke wucewa.

"Manomi, ka bar sama ta huta. Kallonka ba shi cire ciyawa."

"Masarata tana son taki yanzu, Malam Ila."

"Da ina gida da na turo maka shanu su taya ka nome ta."

"Su haɗa da masarar ko?"

"To, lada za ka ba su?"

A lokacin irin wannan wasa ana yinsa, kowa ya yi dariya ya sha kununsa.

Ɗanjuma yakan kira in ya hau tudun da ake samun waya. Da farko yana cewa komai lafiya. Daga baya ya daina. Ya ce an kira gayya, mutane sun zo da safe da azumi a bakinsu sun nome gefe ɗaya, ruwa ya kore su, kowa kuma tasa gonar tana jiransa. Ya ce kwalbati ya tafi, babu motar da za ta shigo da taki. Ya ce fadama ta cika, masara tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ganyen ya yi rawaya.

"Yaya, ko kwana biyu ka zo ka gani da idonka."

Na ce to. Na koma taga na kalli filasta. Ban je ba.

A cikin ɗaki kuwa wani noman ake yi. Dattijo ba ya iya tsotso ya ƙoshi, don haka aka sa masa siririyar roba ta hanci, Ramatu tana tatsa a kofi ana ɗura masa kaɗan-kaɗan. Hana shi kuka ya zama aikin ɗakin gaba ɗaya. Da ya motsa baki sai wata ta miƙo hannu. Daga Ramatu zuwa matar Malam Ila, daga ita zuwa Gwaggo Asabe, wata dattijuwa 'yar Kankara da ke jinyar jikanta a gadon kusa. Ana jijjiga shi, ana kaɗa masa cokali a kofi, ana zagaya ɗaki da shi. Masu shara ma in sun shigo sai sun ce, "Ina kwana, Dattijo, an tashi lafiya?" Duk da haka yakan kufce musu. Ina baranda nakan gane muryarsa a cikin ta yara goma. Ba kukan ke tayar mini da hankali ba, ɗaukewarsa ce. In ya ɗauke sai in tsaya cak, in da buta a hannuna haka zan riƙe ta, har sai na sake jin sa.

Tsinken ya matsa kaɗan a makon farko, sannan ya tsaya. Safiya bayan safiya yana nan inda yake. Wata rana ma ya koma baya. Gwaggo Asabe ta yafuto ni ta taga.

"Kai, ɗan nan, matarka azumi take yi a ɓoye. Kunun da kake kawowa da rana jikana ke shanye shi. Dubi kofin tatsarta, ko rabi ba ya kaiwa."

Da la'asar na shiga na zauna bakin gado. Ramatu ta rame, wuyanta ya fito, idanunta sun faɗa. Na ce mata malamai sun ce mai shayarwa an ɗauke mata, ta rama daga baya.

"Na sani, Malam."

"To don mi?"

"Da mi zan roƙi Allah? Kai ka sai da shanu. Ni ba ni da komi sai wannan."

Gwaggo Asabe ta taso da kofin kunun kanwa mai zafi, ta dangwara shi a hannunta.

"Ke, yarinya, kina da abin da babu mai shi a asibitin nan, har likita. Shanye. In akwai zunubi a rubuta mini, na saba."

Ramatu ta juya ta fuskanci bango don kunyar masu azumi, ta sha tana hawaye. Daga ranar Gwaggo ta tsare ta da kunu safe da rana. Ni kuma na daina cin rabona na ƙosai, ina naɗe shi in miƙa ta taga. Bayan 'yan kwanaki tsinken ya sake motsi.

A goman ƙarshe aka ce kowane yaro sai an tanadar masa jini leda-leda kafin aiki. Yawancinmu ba mu da dangi a birni. Wasu suka ce jikinsu babu ƙarfi, ga azumi, ga rashin abinci. Malam Ila ya miƙe tsaye a baranda bayan an sha ruwa.

"Jama'a, ku ɗauka gayya ce. Duk wanda nashi ya dace da yaron wani ya ba shi. Ni dai a fara da ni, jinina na nono ne, ba irin na masu cin tuwon tsami ba."

Muka bi shi a layi. Nawa bai dace da Dattijo ba, ya dace da Hurera. Na Dattijo wani direba ne daga cikinmu ya bayar, da wani malamin makaranta. Da na fito jiri ya ɗebe ni, na zauna a kan matakala ruwa yana dukan ƙafafuna. Malam Ila ya zauna kusa da ni ya ce, "Shi ke nan, ka ɓata mini ɗiya. Yanzu sai ta tashi tana son fartanya."

Muka yi salla a asibiti. Babu wanda ya sa sabon kaya. Kwana biyu bayan salla da safe, ina taga, Sista ta ɗora Dattijo a faranti tsirara. Tsinken ya yi rawa, ya yi rawa, ya tsaya a kan filasta. Ta sauke shi ta sake ɗorawa don ta tabbata. Sannan ta juyo ta ce, "Ina alwalar?" Matan ɗakin suka yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada su firgita shi. Na tafi masallaci, na yi sujada, na kasa ɗagowa.

Baƙin likitocin suka iso a wannan makon. Suka duba yara da yawa, suka zaɓi waɗanda za su iya yi wa kafin su koma. Dattijo yana ciki. Aka sa shi rana ɗaya da Hurera, ita da safe, shi bayanta.

Sai Sista ta kira mu ni da Ramatu. Ta ce daga asuba ba za a ba shi komai ba, ko ɗigon nono, sai ruwan da ake sa masa ta jijiya. Ciki a cike ba a sa wa yaro maganin barci.

Ramatu ta ce, "Azumi zai yi ke nan? Kowa ya sauke, shi zai ɗauka?"

"Na 'yan awoyi ne. Amma ke ba za ki riƙe shi ba. In yana jin ƙanshin nono ba zai yi shiru ba. Ki koma bayan gini. Babansa ya shigo."

Ban taɓa riƙe jariri fiye da a miƙo mini in yi addu'a in mayar ba. A wurinmu wannan ba aikin maza ba ne. Da safe aka ba ni wata riga na ɗora, aka sa mini shi a hannu. Ba shi da nauyin da na zata, duk da filastar. Ya kalle ni, ya kama gemuna. Aka wuce da Hurera a kan gado mai taya, Malam Ila yana biye, ranar babu ba'a a bakinsa.

Na riƙa zagaya ɗakin da shi. Da hantsi ya fara juya kai yana neman ƙirji, yana tsotsar rigata. Na yi masa irin ƙugin da nake yi wa shanu in muna huɗa, can cikin maƙogwaro, ya lafa yana saurare. Azahar ta yi ba a kira mu ba. Hannuwana suka mutu, Gwaggo Asabe ta karɓe ni, ya ƙi ta, ya dawo wurina. Ta taga ina hango Ramatu a ƙarƙashin kwanon rufin da ake girki, ta naɗe hannuwa a ƙirji, gaban rigarta ya jiƙe, ba kuma da ruwan sama ba. Sai wajen la'asar wani likita ya fito ya ce aikin Hurera ya ɗauki lokaci fiye da yadda suka zata, ta zubar da jini amma an tsayar, tana raye. Ya ce a ba Dattijo nono, sai gobe da safe, shi ne na farko. Gobe ce ranarsu ta ƙarshe.

Ramatu ta shigo da gudu. Ya kama nono da ƙarfin da ban taɓa gani ba, ya sha, ya yi gumi, ya saki yana haki, ya sake kamawa.

Washegari aka sake hana shi tun asuba. Gari ya waye da hadari baƙi, aka kece da ruwa mai ƙarfi, kwanon ɗakin yana ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Aka ce motar da ke ɗauko likitocin daga masauki ta tsaya a hanya, ruwa ya rufe titi, amma suna zuwa. Dattijo bai yarda da ƙugin shanu ba a ranar. Ya riga ya san abin da ake yi masa. Ya banƙare, ya ture ƙirjina da hannu biyu, leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Na san wannan rawar leɓe tun ina yaro. Ban san lokacin da na durƙusa a tsakiyar ɗaki da shi a hannu ba.

"Baba, ka yi haƙuri," na ce. "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Kaɗan ya rage. Baba, ka dube ni."

Ya yi kuka ɗaya mai tsawo, sai ya ɗauke. Na naɗe gwiwoyinsa na danna a ƙirji yadda aka koya mana. Gwaggo Asabe ta ƙwala wa Sista kira. Suka karɓe shi, suka sa masa robar iska, suka yi masa allura, suka fita da shi da gudu ta hanyar ɗakin aiki. A bakin ƙofar suka yi kiciɓis da baƙin likitocin suna shigowa, tufafinsu sharkaf. Suka shige tare, aka rufe.

Ba a daɗe sosai ba. Likitar yaran ce ta fito, ita da Sista. Ta ce sun yi iya yinsu, ba a kai ga fara aikin ba. Na ce Allah ya saka musu da alheri. Na tafi bayan gini da ƙafata, don ban so wani ya riga ni. Ramatu ta ga fuskata, ta zauna a kan dutsen murhu. Ba ta yi ihu ba. Ta kalli gaban rigarta ta ce, "Da yunwa ya tahi, Malam. Ga shi nan yana zuba, da yunwa ya tahi."

Ba a iya kai shi gida ba saboda hanya. Mutanen baranda ne suka yi masa sutura. Malam Ila ya bar Hurera da ba ta gama farfaɗowa ba, ya ɗauke shi a hannu har maƙabartar birni, ƙasa tana manne mana a takalma. Ramin da aka haƙa yana tara ruwa, direban nan ya riƙa kwashewa da kwano. Da za mu rabu Malam Ila ya riƙe hannuna ya daɗe. Shekaru biyu yana aiko mini da man shanu daga Sabuwa. Da tsaro ya lalace a hanyoyinmu muka bar ƙauye, su ma na ji sun tashi, labari ya yanke.

Ranar da muka baro asibiti muka sauka a Sheme, muka haye rafi da ƙafa, tukunya a kaina. Inna tana zaune a ƙofar gida. Ta kalli bayan Ramatu, ta ga zani babu goyo, ta tashi ta shige ɗaki. Da yamma na zaga gona ni kaɗai. Ciyawa ta kai mini ƙugu.

Ga abin da muka rasa a wannan damina. Shanun huɗa biyu. Masarar fadama gaba ɗaya, ko iri ban cire ba. Fiye da rabin dawar tudu, da waken da ke cikinta. Awakinmu huɗu, da aka sayar ɗaya bayan ɗaya muna asibiti. Rumbu ɗaya da ruwa ya kayar. Sai Dattijo, wata bakwai da haihuwa, nauyinsa ya cika.